Maganin Tsofaffi a Jos: Sanyin Gari Ba Ya Tsare Abin da Ke Cikin Kwalba

Duk wanda ya san Jos ya san ta da sanyi. Garin yana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 daga doron teku, shi ya sa tun zamanin Turawan kuza ma'aikata suke sha'awar idan sun gama aiki su zo nan su kafa gida, su ƙarasa sauran kwanakinsu cikin ni'ima. Wannan ni'ima kuwa ta haifar da wani zato a zukatan jama'a, watau cewa magani ba ya lalacewa a Jos kamar yadda yake yi a Sakkwato ko Maiduguri, saboda haka ko'ina aka ajiye shi daidai ne. Zaton nan kuskure ne, kuma waɗanda suka fi kowa ɗanɗana kuɗarsa su ne tsofaffi, domin su ne masu shan magani kullum safe da yamma, su ne kuma jikinsu ba ya jure kuskure.

A ƙasar nan mutum ɗaya cikin kamar ashirin ne ya kai shekara 60. Yawancinsu suna hannun 'ya'yansu da jikokinsu, kamar yadda al'ada da addini suka tanada. Gidajen da aka keɓe musamman don kula da tsofaffi kaɗan ne, irin su gidan gajiyayyu na Shahuci a birnin Kano da gidan tsofaffi na Yaba a Ikko, sai kuma waɗanda majami'u da ƙungiyoyin taimako suke riƙe da su nan da can. Amma zamani yana sakewa. A Jos, rigingimun 2001 da 2008 da 2010 sun raba iyalai da unguwanninsu, samari sun tafi neman abinci Abuja da Kano, an bar dattawa da dama a hannun surukai, ko maƙwabta, ko wata yarinya da aka ɗauka aikin jiyya. Saboda haka idan ana maganar gidan kula da tsofaffi, kada mai karatu ya ɗauka sai mai allo a ƙofa. Ɗakin zaure a Gangare, ko ɗakin baya a Unguwar Rogo ko Bukuru, inda tsoho yake kwance wani yana miƙa masa ƙwaya da ruwa, shi ma hukuncinsa ɗaya ne.

Abin da ya faru a 1990

Jos ba ta bukatar a kawo mata labari daga nesa kafin ta san abin da kwalbar magani take iya yi. Tsakanin watan Yuni da watan Satumba na 1990, yara 47 suka rasu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. An kawo su da amai da gudawa da zazzaɓi, sa'an nan fitsari ya ɗauke musu ɗungum, ƙoda ta daina aiki. Da aka bi diddigi sai aka tarar duk sun sha ruwan farasitamol, maganin nan da kowace uwa take ba ɗanta ba tare da fargaba ba. Wajen haɗa shi an zuba wani ruwa mai guba da ake kira dayetilin gilaikol a maimakon furofilin gilaikol, wanda shi ne ya kamata. Ruwayen biyu sun yi kama a ido, duka kuma suna da ɗan zaƙi. Idan aka haɗa da waɗanda suka rasu a Ibadan, yara 109 aka yi hasara a wannan shekara. Bayan shekara uku Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna, watau NAFDAC, da doka mai lamba 15 ta 1993. Duk da haka gubar nan ta sake dawowa a 2008 cikin maganin haƙoran yara mai suna My Pikin, ta kashe yara fiye da 80.

Mai karatu zai ce ai wannan labarin yara ne. Gaskiya ne, amma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Tushen masifar 1990 shi ne an amince da abin da ke cikin mazubi ba tare da an tabbatar da sunansa da inda ya fito ba. To, wannan shi ne ainihin abin da ake yi kullum a ɗakunan tsofaffi. Ana ɓare ƙwayoyi daga takardarsu a juye su cikin gwangwanin madara ko ƙullin leda, fari da ja da rawaya a haɗe, har ya zama ba mai iya cewa wannan ta hawan jini ce, waccan ta sukari ce, sai dai a ce "ƙaramar fara" da "babbar fara". Ranar da mai jiyyar da ta saba ta yi tafiya, wanda ya gaje ta sai ya yi ta lalube.

Danshi, zafi da haske

Magungunan da ake sayarwa a ƙasar nan galibi an rubuta a jikinsu cewa a ajiye su a wuri busasshe, wanda zafinsa bai wuce digiri 30 ba. A Jos daren hunturu yakan sauko har kusan digiri 10, amma a watan Maris da Afrilu rana takan haura 30, ɗaki mai rufin kwano marar silin kuwa ya fi waje zafi. Tagar da rana take bugawa, da saman firiji, da kantar kicin kusa da murhu, da aljihun mota, duk wuraren da mutane suka fi son ajiye magani ne, kuma duk ba su dace ba.

Babban abokin gaba a nan garin shi ne danshi. Jos tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,400 a shekara, a watan Yuli da Agusta kuwa sai a yi kwanaki bango yana tsattsafo, tufafi ba sa bushewa, takalmi yana furfura a ƙarƙashin gado. Ƙwayar da aka fitar daga takardarta tana shan wannan danshi kamar gishiri. Wata ta yi laushi, wata ta farfashe, masu kwanso su manne da juna. Asfirin idan ya sha danshi yakan soma wari mai tsami kamar na ruwan tsami, alamar ya rube ke nan. Amma mafi yawan magunguna ba sa nuna wata alama, ƙarfinsu ne kawai yake raguwa a ɓoye, tsoho yana sha kullum, jini yana hawa, ana cewa maganin bai karɓe shi ba. Takardar gwangwanin nan mai ƙyalli da kamfani ya rufe kowace ƙwaya a ciki ba ado ba ce. Ita ce garkuwarta, kuma a jikinta ne aka buga suna da ƙarfi da ranar da aikin maganin zai ƙare.

Allurar insulin ta masu ciwon sukari ita ce ta fi wuyar sha'ani. Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyi tsakanin digiri 2 da 8. Idan ta daskare ta lalace, ko da ta narke daga baya ta koma kamar ba abin da ya same ta, saboda haka ba a jingina ta da gidan ƙanƙara. Wadda aka fara amfani da ita tana iya zama a ɗaki mai sanyi har kamar mako huɗu, daga nan sai a sake wata, shi ya sa ya wajaba a rubuta ranar buɗewa a jikinta. Firiji kuwa, kowa ya san halin wutar lantarki. Gidan da ke riƙe da tsofaffi da yawa ya kamata ya sa ma'aunin zafi a cikin firijin, a duba shi kowace safiya a rubuta, kada kuma a cusa magani tsakanin nama da kunun zaƙi inda ake buɗewa sau hamsin a yini.

Inda babu firiji, dabarar kakanni tana da amfani. Marigayi Malam Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa ya sami lambar yabo ta Rolex a shekara ta 2000 saboda tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda take sanyaya abin da ke ciki yayin da ruwan yake tashi. Masu ciwon sukari a ƙasashe masu zafi suna ajiye insulin ta wannan hanya, a cikin mazubi mai murfi don kada ruwa ya taɓa shi. Sai dai mutanen Jos su lura, dabarar ta fi ci lokacin da iska take bushe, watau hunturu da bazara. Da damina, iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, tukunyar ba ta yin sanyi sosai.

Maganin ɗigawa a ido ma haka yake. Tsofaffi da yawa suna da shi saboda hawan jinin ido ko bayan aikin yanar ido, kuma akasari mako huɗu ne wa'adinsa bayan an buɗe. Ba abin mamaki ba ne a tarar da kwalbar bara a ƙarƙashin matashi, ana ɗiga wa duk wanda idonsa ya yi ja a gidan.

Hannu da yawa

Hausawa sun ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya. A wajen maganin tsoho kuwa hannu da yawa shi ne ƙazamar miyar. A ɗauki misalin dattijo mai hawan jini da sukari da ciwon gwiwa. Likitan Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato ya rubuta masa iri huɗu. Ɗansa ya kai shi Jankwano, aka ƙara biyu. 'Yarsa da ta zo dubiya daga Kaduna ta kawo na ciwon jiki daga kemis, aminin da ya dawo daga Makka ya kawo nasa tsarabar, ga kuma jiƙon sassaƙe a kwalbar lemo a gefen gado. Kowa da kyakkyawar niyya ya zo. Amma cikin tarin nan sau da yawa akan sami magani ɗaya da sunaye biyu na kamfanoni daban, tsoho yana shan ninki bai sani ba, jini ya faɗi, jiri ya ɗebe shi a bakin bayi, ƙugu ya karye. Karayar ƙugu ga mai shekara 80 kuwa ba kowa ke tashi daga gare ta ba.

Wannan matsala ba ta matalauta kaɗai ba ce. A Ingila, inda gidajen tsofaffi suke da rajista da masu duba su, wani bincike da aka buga a 2009 ya bi mutum 256 a gidaje 55, ya tarar kowannensu yana shan magani kimanin iri takwas, kuma kusan bakwai cikin goma an yi musu kuskure aƙalla sau ɗaya, ko wajen rubutawa, ko wajen haɗawa, ko wajen bayarwa. A 2017 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kurakuran magani suna ci wa duniya dala miliyan dubu 42 kowace shekara, ta kuma yi kira ga ƙasashe su rage mummunar cutarwar da rabi cikin shekara biyar. Idan haka ta faru inda ake da littafi da sa hannu, sai mai karatu ya auna ɗakin da ba a rubuta kome.

Dalilin da ya sa kuskure ya fi yi wa tsoho illa a fili yake. Ƙoda da hanta su ne masu fitar da magani daga jiki, kuma da shekaru aikinsu yana raguwa, sai abin da saurayi zai fitar cikin yini ya kwana biyu a jinin tsoho. Magungunan ciwon gaɓoɓi irin su daikulofenak da ibufurofen da firoksikam, waɗanda ake saye kamar goro, suna ƙwarzane tumbi har ya yi jini, suna kuma raunana ƙoda. Gilibenkilamaid na ciwon sukari yana iya kayar da sukarin jini ƙasa warwas idan tsoho ya sha bai ci abinci ba, sai a gan shi yana gumi yana sambatu, a ce tsufa ne ko iska, alhali ruwan sukari da gaggawar zuwa asibiti yake bukata. Saboda haka ne Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ce bai dace da wanda ya wuce shekara 60 ba, akwai waɗanda suka fi shi sauƙi. Dayazefam na barci yana kawo magagi da faɗuwa. Ko farasitamol ɗin ma, yana ɓoye a cikin magungunan mura da yawa, mai shan wannan da wancan yana iya wuce giram huɗu a yini, wanda shi ne iyaka ga babba mai ƙarfi, balle tsoho ramamme.

Akwai kuma al'adar daka ƙwaya a zuba cikin koko ko kunu ga wanda haɗiya take yi wa wuya. Wasu ƙwayoyin, kamar nifedifin na hawan jini irin mai sakin kansa sannu a hankali, an gina su ne don su yi yini guda suna narkewa. Idan aka daka, aikin yini ɗaya ya afka wa jiki cikin sa'a guda. Wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuma, irin su tetarasaikilin da sifurofuloksasin, nono da madara suna riƙe su su hana jiki sha, saboda haka ba a kora su da fura da nono. Watan azumi ma yana da nasa hukunci: wanda ya saba sha sau uku ba zai tara duka ya haɗiye lokacin buɗa baki ba, sai a koma wurin likita tun cikin Sha'aban ya sake tsara lokutan.

Kwaɗo, littafi da mutum ɗaya

Abin da ƙwararru suka tsaya a kai ba mai tsada ba ne. A sami akwati ko kabad mai kwaɗo, a bangon da ba ya tsattsafo kuma rana ba ta bugunsa, sama da inda hannun yaro zai kai. Kowane tsoho da nasa mazubi da sunansa a jiki, maganin shafawa da na ɗigawa a ware su daga na sha. Makulli ya zauna a hannun mutum ɗaya, idan zai tashi ya damƙa wa wani da ƙirge. Kwaɗon nan ba don jikoki masu ɗaukar jar ƙwaya a matsayin alewa kaɗai ba ne. Tun kafin Gwamnatin Tarayya ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018, iyaye sun san samari suna bin taramadol da maganin barci duk inda suke, kuma akwatin kaka wuri ne mai sauƙin kai hannu. Idan ƙwaya talatin ta ƙare cikin kwana ashirin, to, ko an ninka wa tsoho, ko wani yana taya shi sha, kuma ba a gane ko ɗaya sai da ƙirge.

Littafin kuwa na makaranta mai fallaye arba'in ya isa. A ja layi, a rubuta sunan magani da ƙarfinsa da lokacin sha, duk wanda ya bayar ya sa alama nan take, ba sai dare ya yi ya cika daga ka ba. Idan tsoho ya ƙi sha, ko ya amayar, a rubuta haka, kada a ninka masa a karo na gaba. Inda mai jiyya ba ta karatun boko, a rubuta da ajami, ko a zana rana da wata, ko a ɗaura lokutan da salloli, Asuba da Azahar da Lisha, tun da ba a manta su. Ranar zuwa asibiti a kwashe kome da kome, har da jiƙon gargajiya, a zube gaban likita ko masanin magunguna. Sau da yawa babban taimakon da zai yi shi ne ya soke uku daga cikin takwas. Tsohon da hankalinsa yake garau kuma ba a ƙwace masa maganinsa da ƙarfi, a gaya masa sunan abin da yake sha da dalilinsa, domin shi ne zai fara lura idan launin ƙwaya ya sake.

Saura inda ake sayowa. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2017 cewa magani ɗaya cikin goma a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci. Tun da kamfanin GSK ya ba da sanarwar rufe harkarsa ta kai tsaye a Nijeriya a watan Agusta na 2023, ga kuma faɗuwar darajar naira, farashi ya yi tashin gwauron zabo, mutane suka koma sayen ƙwaya biyar-biyar a ƙullin leda daga masu talla a tasha da bakin Taminus, inda tiren magani yake yini a rana. Doka ta ba masu ƙananan kemis izinin sayar da magungunan yau da kullum ne kawai, cikin kwalinsu na asali. Maganin zuciya da na sukari aikin kantin da ke da masanin magunguna mai rajista ne. A nan Jos ba ta da uzuri, domin tana da Tsangayar Ilmin Haɗa Magunguna a jami'arta, kuma a nan ne cibiyar CHAN Medi-Pharm take, wadda tun 1979 take sayo magunguna tana rarraba wa asibitocin mishan na ƙasar nan. A duba lambar NAFDAC a jikin kwali, a duba ranar ƙarewa, inda kuma akwai ɓoyayyar lambar nan da ake kankarewa, a aika da ita ta waya a ji amsa kafin a bar kantin.

Ta fuskar hukuma, dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa ta sami sa hannu a farkon 2018, aka naɗa mata shugabanni a 2021. Asibitin Koyarwa na Ibadan kuma ya buɗe sashe na musamman don tsofaffi tun 2012. Waɗannan matakai ne masu kyau, amma takarda a Abuja ba ta buɗe akwati a Dilimi. Abin da zai yi aiki shi ne Ma'aikatar Lafiya da ta Jin Daɗin Jama'a ta Jihar Filato su sa kowane gida mai karɓar tsofaffi ya ƙulla da masanin magunguna guda, wanda zai riƙa zuwa yana duba kabad da littafi, ma'aikatan lafiya na unguwa kuma su riƙa tambayar akwatin magani idan sun shiga gida, kamar yadda suke tambayar katin rigakafin yara.

Akwai wani lokaci da kusan kowa yake mantawa da shi, watau bayan rasuwa. Idan an yi sadakar uku an share ɗaki, akan tarar da leda cike da ragowar magani, wani na shekara biyu, wani an saya jiya da tsada. Tausayi da ƙin hasara sukan sa a miƙa wa maƙwabciya mai "irin ciwon", alhali ciwon da ya yi kama a baki ba lalle ya zama ɗaya a jiki ba, kuma awon da aka yi wa mamaci ba nata ba ne. Wasu kuma su watsa a bola inda yara da awaki suke tono, ko a kwata mai gangarawa rafin Dilimi, wanda masu lambu suke ban ruwa da shi. Ragowar magani, da wanda wa'adinsa ya wuce, da wanda likita ya dakatar, a ɗaure su a mai da su ɗakin magani na asibiti ko kantin da aka saya. Alluran da aka yi amfani da su kuma a tara su cikin galan mai kauri da murfi, a kai asibiti inda ake ƙone irinsu.